Na toshe 'yan damfara a Postfix amma saƙonninsu na ci gaba da shigowa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina kula da sabar imel ta wani ƙaramin ofishi, Postfix ce (manhajar da ke karɓa da tura imel) a kan tsarin kwamfuta na Ubuntu 22.04. Sati biyu ke nan wasu na turo wa ma'aikatanmu saƙonnin damfara da sunan banki, har wata ta kusa tura musu lambar sirrinta. Abin ya dame ni ƙwarai.

Na zuba adiresoshinsu a fayil ɗin sender_access, kowanne da REJECT (wato a ƙi karɓa) a gabansa, na saka dokar check_sender_access mai duba wannan fayil cikin smtpd_sender_restrictions (jerin dokokin tantance mai aiko saƙo), na yi postmap don Postfix ta iya karanta fayil ɗin, na sake loda Postfix. Shiru, kullum sai sun shigo.

Da na duba bayanan da ke saman saƙon, adireshin da ke layin From (wanda mai karatu ke gani) daban yake da na Return-Path (inda ake mayar da saƙo in bai isa ba), kuma na biyun canzawa yake a kowane saƙo. Ko dokar tawa Return-Path ɗin kawai take dubawa? In haka ne, header_checks, mai duba layukan saman saƙo irin su From, zan koma?

Na so in toshe lambobin IP ɗinsu (lambobin kwamfutocin da ke turo saƙonnin) da dokar check_client_access, amma wasu na manyan kamfanonin imel ne, ina tsoron in tare saƙonnin abokan cinikinmu. Don Allah wanda ya taɓa cin karo da wannan ya taimaka.