Wa ya taɓa haɗa Peltier da kwamfuta mai shan sanyi da ruwa?

Mai haɗa bidiyo, Kano: Salamu alaikum 'yan'uwa. Kwamfutata da ruwa take shan sanyi, lagireto mai fanka uku. Tun da bazara ta kama, ɗakin nan da rana sai ya doshi digiri 40, ruwan kansa ya koma ɗumi, in na fara fitar da bidiyo sai furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta rage gudu. An ce in saka farantin Peltier, wanda in an ba shi wuta fuska ɗaya ke yin sanyi, ɗayar ta yi zafi. Wanda ya gwada ya ba mu labari.

Mai gyara, Sakkwato: Wa alaikumus salam. Na gwada da faranti samfurin TEC1-12706, irin wanda ake samu a ƙananan dispensa na ruwan sha. Lagireto dai ba zai taɓa sauke ruwa ƙasa da zafin iskar ɗaki ba, shi ya sa Peltier ke jan ido. Sai dai shi ba kashe zafi yake yi ba, kwasa yake daga wannan fuska ya juye a waccan, sannan ya ƙara da nasa. Guda ɗaya kan ci wajen wat 60 a bolt 12. Ka ɗora shi kai tsaye kan furosesa mai fitar da wat 200, kamar kwashe rijiya da cokali ne, ƙarshenta ma shi zai tare zafin.

Injiniya, Zariya: Malam ya faɗi gaskiya, amma ni ya yi mini aiki. Ruwa biyu na raba. Faranti huɗu na matse tsakanin bulok biyu, wato ƙarafan da ruwa ke ratsawa, fuskar sanyi tana taɓa ruwan furosesa, ta zafi kuma da nata famfo da lagireto daban, tiyo ya fita ta taga. Bolt 6 nake ba su, don a rabin ƙarfi sun fi tsimin wuta nesa ba kusa ba. Kuma lagireton farko cire shi na yi daga layin sanyi, in ba haka ba shi zai riƙa mayar da zafin ɗaki cikin ruwan.

Wani ɗan'uwa, Kaduna: Injiniya, ka manta damina. A Maris iska a bushe take, komai lafiya. Agusta na shiga na buɗe akwatin kwamfutar na tarar tiyo yana zufa, ɗigo na taruwa dab da katin hoto, wato allon lantarkin da ke sarrafa hoto. Kashewa na yi nan take, na naɗe tiyo da soso. Ko abin sanyaya furosesa mai Peltier, Cooler Master ML360 Sub-Zero, da aka yi da fasahar Cryo ta Intel a 2020, da na'urar auna laima ya zo saboda raɓar nan.

Mai sola, Maiduguri: Ku kuna da wutar ɓarnatarwa ke nan! Ni da na ga yadda batir ke sauka, cire farantan na yi. Na busa ƙurar hunturu da ta toshe lagireto, na ɗan rage bolt ɗin furosesa, aiki mai nauyi kuma sai bayan asuba. In wutar ta wadata, ƙaramin esi ya fi Peltier riba, kai ma ka sha sanyi.

Mai haɗa bidiyo, Kano: Allah ya saka da alheri. Bari in fara da busa ƙura. Injiniya, farantan nan da wutar kwamfutar kake ciyar da su, ko ka saya musu tasu daban?