Wane kwaɗo ne ke jure ruwa da ƙura a waje?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ƙofar shago ce a bakin titi, babu rumfa. Wane irin kwaɗo ya kamata a sa mata wanda damina da hunturu ba za su kashe shi ba?

Maƙeri: Wa'alaikumussalam, Malam. Nemi mai jikin tagulla, faɗinsa kamar milimita 50, don tagulla ba ta tsatsa. Amma ka tafi kasuwa da maganaɗisu. Akwai baƙin ƙarfe da ake shafa wa ruwan ɗorawa. Idan maganaɗisu ya kama jikinsa, ajiye musu kayansu. Sai ka duba ƙarfen da ya lanƙwashe a sama: kaurinsa kada ya gaza milimita 8, kuma gajere ya fi, saboda dogo shi ke ba almakashin ɓarawo wurin kamawa.

Mai gyaran makulli: Gaskiya ne. Sai dai yawanci daga ciki kwaɗo ke mutuwa. Ruwa ya shiga, ƙananan sifirin, wato siraran wayoyin da ke nannaɗe a cikinsa, su yi tsatsa, makulli ya ƙi juyawa. Rataye shi ramin makulli na kallon ƙasa, ka yanko guntun tsohon tif na mota ka kafa a samansa ya zama hula.

Don Allah ban da man inji ko man gyaɗa. Mai na kama ƙurar hunturu, ta dunƙule ta toshe ramin. Goga bakin fensir a jikin makullin, ka zura ka zare sau biyar, farkon damina da farkon hunturu.

Maƙeri: Kuma a yi wa mariƙin ƙofar, wato ƙarfen da ake maƙala kwaɗon a jikinsa, walda. Na kusoshi, ɓanɓarewa ake yi.