Wane suna za mu raɗa wa DAW da Hausa?

Mai Miksa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ana neman kalmar da za ta tsaya a madadin DAW, wato manhajar kwamfuta da ake ɗaukar kiɗa a tsara shi a cikinta. Wanda ake so ya gane kalmar shi ne sabon shiga da kiɗansa ke fitowa daga na'urori na zahiri, irin su sintisaiza (na'urar ƙera sauti da lantarki) da injin ganguna, yana kuma neman manhajar da zai fara da ita. Wanda aka fi rubutawa shi ne "manhajar naɗar sauti". Ya wadatar?

Injiniyar Sauti: Wa'alaikumus salam. Bai wadatar ba, shi ne ma ke sa sababbin shiga zaɓen tumun dare. Audacity manhajar naɗar sauti ce, kyauta, ta iya yanka da rage hayaniya, amma ba ta naɗar MIDI. Shi MIDI ba sauti ba ne, umarni ne: wane maɓalli aka danna, da wane ƙarfi, yaushe aka sake shi. Tun 1983 na'urori ke magana da shi, tashoshi 16 a waya ɗaya. Akwai kuma agogonsa, mai aika sigina 24 a kowane bugu ɗaya na kiɗa. In babu shi, ko da an saita injin ganguna da kwamfuta duka a gudun bugu 120 a minti ɗaya, kowa agogonsa yake bi, kafin waƙa ta ƙare sun saɓa. To suna dole ya ɗauki aiki uku: naɗi, jan ragamar na'urori, da haɗa layukan sautin da aka naɗa daban-daban.

Ɗan Ganguna: Me zai hana "situdiyon kwamfuta"? Kowa ya ji ya gane.

Injiniyar Sauti: Situdiyo ɗaki ne da duk kayan cikinsa, ɗan'uwa. Ka ce wa mutum ya buɗe situdiyo, mabuɗi zai nema.

Malamin Nahawu: Hausa na da hanyarta ta ƙera sunan wurin aiki: a sa "ma-" a gaban aikatau, kamar majema, marina, maƙera. Asalin kalmar DAW ma a Turanci wurin aikin sauti take nufi. Ina ba da "maƙerar sauti".

Mai Miksa: Allah ya gafarta Malam, tsarin ya yi, aikatau ɗin ne nake ja da shi. A wajen mai na'urori, ba a kwamfuta ake ƙera sauti ba, a cikin sintisaiza ake ƙera shi. Manhaja karɓa take yi, ta jera layi kusa da layi a kan lokaci guda, ta fitar da abu ɗaya. Wannan ya fi kama da saƙa. "Masaƙar sauti" fa?

Malamin Nahawu: Madalla, wannan ta fi tawa. Kowane layi zare ne. Abin lura ɗaya: "masaƙa" jam'in masaƙi ne kuma, amma ɗafin ƙarshen kalma, -r ko -n, yana raba gardama. Masaƙar sauti manhaja ce, masaƙan sauti mutane ne. Jam'inta masaƙun sauti.

Ɗan Ganguna: To a gwada ta a aiki mu ji ko ta zauna a baki. Wace masaƙa ce ta dace da mai sintisaiza biyu da injin ganguna ɗaya?

Injiniyar Sauti: Kafin masaƙa, a ƙirga ƙofofin shiga na saun kad, wato na'urar da ke shigar da sauti cikin kwamfuta. Mai ƙofa biyu zare biyu kawai yake ɗauka a lokaci guda, ko da masaƙar na da layuka ɗari, kuma sintisaiza mai fitar da hagu da dama shi kaɗai ya cinye biyun. Ko dai a naɗi na'urori ɗaya bayan ɗaya agogon MIDI na riƙe da su, ko a nemi mai ƙofa takwas.

Sai manhajar. GarageBand na da sauƙi, amma na'urorin Apple kawai take hawa, kuma a Mac ba ta aika MIDI waje kai tsaye, don haka ba ta dace da wannan aiki ba. FL Studio bugun Fruity ba ya naɗar sauti daga waje, sai an hau na gaba da shi. Mutane da yawa sai sun saya suke gano haka. Ableton Live Lite kan zo kyauta da wasu kayan kiɗa, tana aika agogo tana karɓa, sai dai layuka 8 ne iyakarta. Reaper ba ta da nauyi, ba ta ƙayyade layuka, ana gwada ta kwana 60 cikakkiya, amma saitinta na son haƙuri. Ga wannan haɗin, Reaper na fi ba da shawara.

Mai Miksa: A ƙara maganar jinkiri, wato ratar lokaci tsakanin kaɗa abu da jin sautinsa, don shi ke sa a zargi manhaja alhali saiti ne. A Windows a sa direban ASIO na kamfanin saun kad ɗin, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa shi da kwamfuta tana rage jinkiri. Bafa ita ce adadin gutsattsarin sauti da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa su; bafa 128, in ana ɗaukar gutsure 48,000 a sakan ɗaya, jinkirinta bai kai milisakan 3 ba. Bafa 1024 ta haura milisakan 21, kuma shiga da fita kowanne da nasa, mai kaɗawa zai ji hannunsa ya riga kunnensa. A rage ta lokacin naɗi, in sauti ya fara ƙas-ƙas a ɗaga zuwa 256. A naɗa a bit 24 (saitin ingancin naɗi), ƙololuwar ƙara wajen -12 a ma'aunin ƙara na manhajar. In kuma ana jin zuuu bayan an jona sintisaiza da USB, a koma wayar MIDI mai ƙusa biyar, ita ba ta haɗa wutar na'urorin biyu.

Ɗan Ganguna: Na karɓa, amma a baki mutane za su ci gaba da cewa DAW ko sunan kamfani.

Malamin Nahawu: Ba laifi. A rubutu, karon farko a ce "masaƙar sauti, wato DAW", daga nan "masaƙa" kawai. "Manhajar naɗar sauti" kuma a bar wa Audacity da ire-irenta.