Ina neman Hausar "thermal throttling" kafin gobe

Mai shirin rediyo: Salamu alaikum. Gobe da ƙarfe 9 na safe ina da shiri kan kula da waya da kwamfuta a wannan bazara, kuma kalma ɗaya ta tsaya min a wuya: thermal throttling. Wato na'ura ta ɗauki zafi, sai ita da kanta ta rage saurin aiki don kada ta lalace. Ranar Asabar mun fita shan iska da yara, na manta wayata a gaban mota. Da na ɗauko ta zan yi bidiyo, hasken fuskarta ya dusashe, hoto yana tsayawa yana tafiya, caji ma ta ƙi karɓa sai da ta huce. Abin da nake son faɗa ke nan a taƙaice. A taimaka kafin dare.

Mai gyaran waya: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki ce "ta sassauta totur". Throttle ɗin ai shi ne totur. Duk wanda ya taɓa hawa babur zai gane.

Ɗalibar injiniya: Ko "rage gudu saboda zafi". Ƙwaƙwalwar na'urar ce take rage yawan bugun da take yi a daƙiƙa, wutar da take ci ta ragu, zafi ya sauka. Ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi da muke wasa da ita tana fara hakan ne idan ta kai digiri 80 na Salshiyas, a 85 kuma ta ƙara matsawa. Apple ma ya ce a yi amfani da iPhone inda zafin wuri bai wuce digiri 35 ba. Ki saka wannan a shirin, Anti.

Malamin Hausa: Totur! Mun gudu daga Turanci mun faɗa wa Turancin da ya karye. "Rage gudu saboda zafi" kuma bayani ne, ba suna ba. Tun bara na ba ɗalibaina "jan linzami". Doki ya yi zafi, mahayi ya ja masa linzami. Hausa tsantsa.

Mai gyaran waya: Ranka ya daɗe, wa ya ja linzamin? Wayar ba ta da mahayi, ita take jan kanta.

Malamin Hausa: To "jan linzamin kai".

Ɗalibar injiniya: Malam, da girmamawa, linzami ya riga ya yi aure sau biyu. Akwai makami mai linzami a labarai, akwai linzamin kwamfuta da ake riƙewa a hannu. Idan Anti ta ce kwamfuta ta ja linzami, mai sauraro zai zaci igiyar ta tsinke.

Wani mai fassara: Kuma linzamin ma daga Larabci ya zo mana, lijam. Ya daɗe ne kawai har muka manta baƙo ne.

Malamin Hausa: Aron da ya shekara ɗaruruwa a gida ba ɗaya yake da wanda aka tsinto jiya a gareji ba. Haka kuka yi mana da kwamfuta, ga na'ura mai ƙwaƙwalwa a ajiye kuna jin kunyar faɗa.

Mai gyaran waya: Ba kunya ba ce Malam, tsawo ne. Kafin in gama faɗa mai kaya ya tafi. Kuma garejin nan da ake rainawa shi ya ba mu birki da giya, har kai kana faɗarsu.

Malamin Hausa: Ina faɗa ne don dole.

Mai shirin rediyo: Jama'a, Magariba ta kusa, ban rubuta layi ɗaya ba.

Wani mai fassara: Hajiya, kada dai ki ce "shaƙewa", na ga wani ya fassara shi haka daga ƙamus. A karon farko ki yi cikakken bayanin ƙanwarmu, "rage gudu saboda zafi". Daga nan ki riƙa cewa "ta sassauta wa kanta". Babu totur, babu linzami.

Mai gyaran waya: Totur ɗina dai kuka yanke wa wutsiya. Na yarda.

Mai shirin rediyo: Na ɗauka. Na gode, Allah ya saka. Malam, zan ambaci jan linzami sau ɗaya, in ce wani malami ya ba da shawararsa.

Malamin Hausa: Sau ɗaya. To, ba laifi. Amma a ajina jan linzami ne, kuma shi zan tambaya a jarrabawa.