Neman taimako kan sanya wa wani SCCmec suna

Assalamu alaikum, masana. Mako uku ke nan ina fama da wata ƙwayar Staphylococcus aureus mai bijire wa methicillin, wadda muka samu daga miki. Ina so in sanya wa SCCmec ɗinta suna, wato sashen DNA mai ɗauke da mecA, ƙwayar gadon da ke sa ta bijire wa methicillin. Jerin DNA ɗinta ya nuna mecA na rukunin B tare da ccrA2B2 (ccr nau'i na 2; ccr su ne ƙwayoyin gadon da ke saka wannan sashe da cire shi), wanda bisa ƙa'idojin da kwamitin IWG-SCC, mai rarraba nau'o'in SCCmec, ya fitar a 2009 ya kamata ya zama nau'i na IV, amma sai ga ccrC1 (ccr nau'i na 5) ya ɓullo a wani gutsure daban, domin jerin ya yanke daidai kan IS431, wani ɗan guntun DNA da ke iya maimaituwa a wurare daban-daban. Shin wannan haɗaɗɗen 2B&5 ne (nau'i na IV mai ɗauke da ccrC1 a cikinsa), ko kuwa ccrC1 ɗin yana cikin wani sashen SCC dabam kusa da orfX, ƙwayar gadon da SCCmec ke shiga a ƙarshenta? Kuma zan iya tabbatarwa da PCR (gwajin ninka guntun DNA) kaɗai, tunda ba mu da na'urar karanta dogon jeri?