Tarkon ɓoye a teburin wasa: wa zai jefa ƙwaya, kuma yaushe?

Sabon Jagora:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Wata huɗu ke nan ina jagorantar wasan Dungeons & Dragons, bugu na biyar, ga abokaina biyar, wato wasan tebur da jagora yake ba da labari, kowane ɗan wasa kuma yana riƙe da jarumi ɗaya a cikin labarin, kuma na shiga wani hali da nake neman shawararku a kai. Makonni uku da suka wuce jarumin ɗayansu ya faɗa ramin da na ɓoye a tsakiyar wani lungu na ƙarƙashin ƙasa, da kyar aka fito da shi da rai. Tun daga ranar ba wanda yake ɗaga ƙafa sai ya ce yana duba tarko, har ranar Asabar muka ɓata kusan awa guda a lungu ɗaya wanda babu komai a cikinsa. Abin da ya fi damuna shi ne, idan na ce wani ya jefa ƙwaya, wato ɗan abin nan mai lambobi a fuskokinsa da ake gwada sa'a da shi, ya sami ƙaramar lamba kamar 4, sai sauran huɗun su ce su ma za su duba, domin lambar ta riga ta tona asiri. Yaya kuke yi da wannan?

Kawu:
Wa alaikumus salam, ɗana. Laifin ba na abokanka ba ne, domin wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kai ka koya musu cewa ƙasa tana iya buɗewa ba tare da wata alama ba, sa'an nan ka bar dubawa kyauta, to me zai hana su dubawa? A tsoffin dokokin wannan wasa na 1981 da Tom Moldvay ya tsara, binciken wuri guda yana cin minti 10 na lokacin cikin labari, damar samun tarkon kuwa 1 ce cikin 6, sai jarumin da yake jinsin wada ne yake da 2 cikin 6. Bayan kowane minti 20 jagora yana jefa ƙwaya mai fuska 6, in ta nuna 1 sai wani dodo mai yawo ya ci karo da su, bakin wutar da suke haska hanya da shi kuma awa ɗaya kawai yake yi ya mutu. Saboda haka mai son bincika kowane taku yana biya da haske da kuma lafiyarsa. Wani abin da ake yawan mantawa shi ne, a wannan tsarin tarko ba ya tashi kullum, sai ƙwaya ta nuna 1 ko 2, don haka mutum uku suna iya wucewa lafiya na huɗu ya faɗa. Shawarata ka sa wa bincike farashi na lokaci, ka kuma faɗa musu farashin a fili kafin a fara.

Malamar Lissafi:
Kawu ya yi gaskiya a batun farashi, amma ina ganin ciwon ya fi nan zurfi. Ƙanena, ka duba lissafin abin da kake yi. Idan kowane ɗaya cikin mutum biyar yana da rabin damar ganin tarkon, kuma ka bar su duka su jefa, damar dukansu su kasa 1 ce cikin 32, wato kusan ka ba su tarkon a hannu ne, sai dai ka ɓata minti biyar kafin ka ba su. Bugu na biyar, wanda ya fito a 2014, ya yi ƙoƙarin magance wannan da makin lura na tsaye, wato 10 a haɗa da ƙarin da jarumi yake da shi, ba tare da an jefa komai ba. Sai dai shi ma yana da nasa aibin. Jarumi mai makin hikima 16 wanda ya ƙware a lura yana da 15 tun matakin farko, kai kuma ka san wannan lambar tun kana gida kana zana taswira. In ka sa makin da ake buƙata don ganin tarkon ya zama 15, ka yanke cewa za a gan shi. In ka sa 16, ka yanke cewa ba za a gan shi ba. Ke nan ba sa'a ba ce, ba kuma dabarar 'yan wasa ba ce, hukuncinka ne ka lulluɓe da lamba.

Abin da nake yi a teburina shi ne, kowane tarko yana da alamar da nake faɗa wa kowa kyauta. A wasanmu na ƙarshe na ce musu ƙura ta rufe daɓen lungun gaba ɗaya, amma sawun ɓeraye duk sun bi gefen bango na hagu, kuma a bangon dama akwai ƙananan ramuka guda shida a jere daidai tsayin ƙirji. Ban ambaci kalmar tarko ba. Wata daga cikinsu ta kwance salkar ruwanta ta tsiyaya a ƙasa, na ce mata ruwan ya bi wata tsaga mai kusurwa huɗu ya ɓace, sai suka yi ta muhawara ko su toshe ramukan da tsumma, ko su bi sawun ɓerayen, ko su mirgino ganga ta taka dutsen a madadinsu. Minti 15 suka yi a kan wannan, ba wanda ya taɓa wayarsa. Makin lura a wurina yana ƙara bayani ne kawai: mai maki babba shi nake gaya wa cewa bakin ramukan yana da wani baƙin maiƙo mai ɗoyi.

Ɗan Auta:
Ni dai shawarata gajeriya ce. Ka riƙa jefa musu ƙwayar da kanka a bayan kariyar da take ɓoye takardun jagora, kamar yadda bugu na biyu na Pathfinder, wani wasa irin wannan, na 2019, ya mayar da shi doka. A can mai bincike yana tafiya da rabin saurinsa, jagora kuma yana jefa masa a ɓoye sa'ad da aka iso wurin haɗari, don haka ba wanda ya san ko 4 ya samu ko 19.

Malamar Lissafi:
Wannan yana kashe matsalar tona asiri, Auta, amma ka lura cewa ranar da jarumin wani ya mutu a kan ƙwayar da bai gani ba, zargi zai shiga teburin ko da ba a furta ba. Sai jagoran da aka riga aka yarda da amanarsa ne zai iya ɗaukar wannan nauyin.

Kawu:
Malama, a nan kam na ɗan saɓa miki. In kowane tarko yana da alama, to 'yan wasa za su koyi cewa duk inda jagora ya yi shiru lafiya lau ne, sai tsoron wurin ya tafi. Gary Gygax, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro wannan wasa, ya rubuta labarin wasa mai suna Tomb of Horrors, na wani kabari cike da tarko, ne domin taron 'yan wasa na Origins na 1975, aka buga shi a 1978, kuma har yau ana zancen fuskar shaiɗanin nan kore da duk wanda ya shiga bakinta ba ya dawowa. Amma na yarda da abu ɗaya, wanda ya shiga wannan kabarin ya san tun daga ƙofa cewa gidan tarko ya shiga, shi ya sa yake riƙe da gorarsa mai ƙafa 10 yana bubbuga ƙasa. Ke nan alamar tana iya zama ta wurin gaba ɗaya. Taskar sarki da kabarin matsafi suna da dalilin tarko, amma hanyar da masu gadi suke bi sau goma a yini zuwa kicin ba ta da shi, kuma jagoran da ya sa rami a can ya saɓa wa hankalin labarinsa.

Sabon Jagora:
Na gode ƙwarai, Kawu da Malama. Ramin nawa kuwa a irin wannan hanyar ta kicin na sa shi, yanzu na ga kuskuren. Saura tambaya ɗaya. Wanda yake wasa da ɓarawo a cikinmu ya zuba duk abin da yake da shi a lura da kayan buɗe makulli. In na fara ba kowa alama kyauta, ba zan tauye shi ba?

Malamar Lissafi:
Ba za ka tauye shi ba muddin ka raba aikin gida uku, kamar yadda dokar ma ta raba: ganin alama, gane yadda na'urar take aiki, da kwance ta. Na farko ne kawai nake sassautawa. Na biyu yana buƙatar gwajin bincike, na uku kuma yana buƙatar saurin hannu da kayan aikinsa, kuma a nan ne ƙwaya take da daɗi domin kowa ya san abin da zai faru in ta ƙi. Ka faɗa masa kafin ya jefa cewa in ya kasa da kaɗan allurar ba za ta fito ba amma makullin zai cije, in ya kasa da yawa kuwa dafi zai same shi a yatsa. Sa'an nan kada ka manta da abin da littafin ya ba ka: tafiya da sauri tana rage 5 daga makin lura na tsaye, haske maras ƙarfi ma haka, kuma mai gani a duhu yana ganin duhun ne kamar haske maras ƙarfi, don haka shi ma ragin ya hau kansa. Wannan ya sa kunna wuta ko kashe ta ya zama shawarar da za su yanke da kansu.

Ɗan Auta:
Ƙari a kan wannan, Yaya, ka tambaye su jerin tafiyarsu tun farkon zama ka rubuta a takarda, wa ke gaba, wa ke kallon baya, wa ke zana taswira. Na gaba ne kaɗai yake da damar ganin zaren da aka ɗaura a ƙasa, don haka maganar kowa ya jefa ba za ta taso ba.

Sabon Jagora:
To, ranar Asabar zan fara da gaya musu gaskiya cewa ramin nan kuskurena ne, kuma daga yanzu lungun da mutane suke bi kullum ba zai sami tarko ba sai da alama. Zan ɗauki agogon Kawu na minti 10 da jerin tafiyar Auta. Jefa ƙwaya a ɓoye kuwa zan dakata da shi tukuna, domin mai ɓarawon namu har yanzu bai huce da batun ramin ba.