Tururuwa ta faɗo daga hawa na huɗu ta ci gaba da tafiya: wa ya taɓa ganin haka?

Birkila, Kano: Jama'a, jiya muna filasta a hawa na huɗu, tururuwa suka cika min ledar burodi, na karkaɗe su waje. Yaron da ke kwaɓa siminti a ƙasa ya ce a gabansa suka zubo, kowace ta miƙe ta kama gabanta. Mu kuwa daga wannan tsayin sai dai Allah ya kiyaye. Abin ya tsaya min a rai.

Uwargida, Damagaram: Malam, ai tsaka ma haka take. Sau nawa ta faɗo daga silin ɗakina, tim, kan siminti! Ta yi lamo kamar ta mutu, kafin na ɗauko tsintsiya ta shige bayan kwaba.

Malamin kimiyya, Zariya: Iska ce ke tare su. Idan aka rage girman abu sau 10 ta kowane ɓangare, yawan fatar jikinsa da iska ke bugawa zai ragu sau 100, amma nauyinsa sau 1000. Ka ga ƙaramin abu jikinsa ya fi nauyinsa yawa, sai iskar ta riƙe shi kamar lema. Mutum idan ya faɗo daga jirgi gudunsa kan kai kusan kilomita 200 a awa. Tururuwa kuwa tun daga 'yan mitocin farko gudunta ya daina ƙaruwa, don haka hawa na huɗu da na arba'in duk ɗaya ne a wurinta. Tun 1926 masanin nan na Ingila, Haldane, ya rubuta cewa ƙaramin ɓera zai faɗa ramin ma'adinai mai zurfin yadi 1000 ya tashi ya tafi, amma gafiya ba za ta kai labari ba.

Mai hawan dabino, Agadas: Na shaida. Ƙadangare ya sha faɗowa daga kan dabinon da nake hawa, ya gyaɗa kai ya ruga.

Uwargida: Amma don Allah, Malam, kada yara su ji su ce za su gwada. Ɗana ya taɓa sako ɗan tsako daga saman katanga, wai ya ga ko zai tashi. Ƙafarsa ɗaya ta karye. Na ɗaure da tsinke da zare, sati biyu yana ɗingishi a tsakar gida, uwarsa na tafe tana waiwayensa.